Injin Da Alƙali Ya Bar Wa Sammani

A ƙauyukan da ke tsakanin Kadawa da Bunkure, in ana zancen rainon irin tumatir, sunan Sammani ne ke fara fitowa. Ba mai kuɗi ba ne, ba kuma mai surutu ba. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, ƙafafunsa duk faso saboda zama cikin ruwa. Amma in ya yafa iri a fangali ya rufe da ciyawa, sai ka ga sun fito reras kamar an jera su da hannu. Manoman da suka girme shi sukan zo su tsuguna su ga yadda yake yi, su koma gida su gwada, nasu ya fito kamar gemun bunsuru.

Ubansa ya bar masa eka ɗaya a cikin gonakin da kanal ke shayarwa, inda ruwa ke zuwa da ƙafarsa, da kuma rabin eka a kan tudu, gefen babbar magudana, inda ruwa ba ya hawa sai da inji. Da waɗannan ya auri Rahma, 'yar Kura, suka haifi 'ya'ya huɗu, babbarsu Indo. Da su ya yi rufin kwano, ya sayi babur, ya sayi jan injin ban-ruwa. Shekara ashirin yana noman rani, gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba, bai kuma taɓa tara na kujerar Makka ba.

Sai aka yi shekarar sharon, tsutsar nan da ke shiga cikin ganyen tumatir ta cinye shi ta ciki. Ka bar gona kore shar, bayan kwana uku ka tarar kamar an bi ta da wuta. A shekarar kuwa Sammani ya faɗaɗa, ya karɓi hayar ƙarin eka biyu, domin bara farashi ya yi kyau a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Taki da maganin feshi duk bashi ya ɗauka a shagon Alhaji Badamasi, a biya in an tsinka. Da tsutsa ta shigo ya koma ya ƙaro magani ya fesa, ya sake ƙarowa ya sake fesawa. Tsutsa tana ci, Alhaji yana rubutawa. Kwando goma sha ɗaya ya tsinka a eka uku da rabi.

Shi Alhaji Badamasi shagon taki gare shi a bakin titi, kuma kusan rabin manoman yankin suna cikin littafinsa. Mutum ne mai sanyin murya, mai fara'a, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Ba ya ma bukata, tunda yana da Ɗanbaba, wani ƙato tsohon ɗan dako, wanda aikinsa shi ne yawon karɓar bashi. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to wanda ya fara faɗin haka bai zauna da Alhaji Badamasi ba.

Ɗanbaba ya san aikinsa. Ba ya zuwa sai da safe, daidai lokacin da mutane ke wucewa gona. Ya tsaya a ƙofar gida ya kira sunan Sammani da ƙarfi, ya bi da adadin kuɗin, dubu ɗari huɗu da sittin, don kada mai wucewa ya tafi da rabin labari. Ran nan ya shiga har zaure ya kwance akuyar Rahma ya ja. Mai gonar haya shi ma yana nan tafe da nasa lissafin, dillalin da ya ba da kwanduna shi ma haka. Sammani ya rame, ya daina zama majalisa, in zai je masallaci sai ya zaga ta bayan gari.

Wanda ya nuna masa hanya maƙwabcinsa ne Obadiah, bakaniken injinan ban-ruwa, mutumin Mangu, da ya shekara goma sha biyar a ƙauyen da matarsa Lahadi. Ya ce ya taɓa raka wani mai kawo masa gyara zuwa kotu a kan irin wannan, ya ga yadda aka yi.

"Malam Sammani, ka kai kanka gaban alƙali tun kafin su yayyaga ka. Gara a yanka ka sau ɗaya da a riƙa yankar ka kullum."

Sammani ya kai kansa. Alƙalin dattijo ne, ya tara masu bin bashin duka, ya saurari kowa, aka lissafa abin da ake bi da abin da Sammani ya mallaka. Ya ce bashin ya rinjayi dukiyar, shari'a tana kiran wannan taflisi, wato karayar arziki, kuma tana da hukuncinsa. Aka yi gwanjon ekar kanal da babur, aka raba kuɗin gwargwadon abin da kowa ke bi. Ekar surukin Alhaji ne ya saye ta. Akuya alƙali ya ce ta Rahma ce, mace ba ta cikin bashin mijinta, a mayar mata. Ya bar wa Sammani gidan da yake ciki, da hatsin da iyalinsa za su ci, da rabin ekar tudu, da inji, domin shi ne kayan sana'arsa, da shi zai tashi. Sauran bashin yana nan a wuyansa, amma a saurara masa har Allah ya kawo yalwa. Kafin nan kada wanda ya je ƙofarsa, kada wanda ya tare shi a hanya, kada wanda ya taɓa abin da aka bar masa. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka ba shi takarda.

Alhaji ya samu dubu ɗari biyu da casa'in, saura ɗari da saba'in. Ya yi wa alƙali godiya har da durƙusawa. Bayan mako biyu Ɗanbaba ya gwada takardar, ya ci kwalar Sammani a kasuwar Bunkure, alƙali ya sa aka rufe shi kwana biyu. Ranar da labarin ya zo gari Sammani ya bi ta tsakiyar gari ya je masallaci, Rahma ta ce rabon da ta ga ya cinye tuwonsa tun kafin sharon.

Nan fa manoma suka fara zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya, a fakaice, kowa da tambayarsa: wace ƙofa ake bi, nawa ake biya, me ake faɗa wa alƙali. Labari ya kai shagon bakin titi. Dubu ɗari da saba'in ba ta isa ta dami Alhaji ba. Abin da ya dame shi mutum arba'in da wani abu da ke cikin littafinsa, waɗanda in suka ga Sammani ya miƙe da takarda a aljihu, duk za su yi layi a ƙofar kotu.

Da damina ta janye, Rahma ta sayar da awakinta biyu aka sayi iri da taki buhu ɗaya da man inji. Ba ta yi shawara da kowa ba, kuɗin kawai ta ajiye masa a kan tabarma. Sammani ya yi fangali arba'in da biyu a kan tudun nan, ya yi dashe, yana ba su ruwa kwana uku-uku. Bai taɓa yin noman da ya kai wannan kyau ba, domin wannan karon ba shi da wata gonar da zai raba hankalinsa. Ya lissafa in Allah ya kiyaye zai tsinki kwando tamanin, ya mayar wa Rahma awakinta, ya rage wa Alhaji wani abu da hannunsa, ya samu na iri baɗi. Tumatir ya rufe ƙasa, ya fara fure.

To, masu noman rani suna da wata al'ada da ta girmi kanal ɗin kansa. In shukar mutum tana mutuwa da ƙishirwa ya roƙi aron abin ban-ruwa, ba a hana shi. Ko gaba kuke yi ba a hanawa, domin rigimarku daban, shuka daban. Wanda ya hana, sunansa ya ɓaci har jikokinsa, a ce gidan su wane da suka bar shukar mutum ta mutu. Sai dai al'adar tana da ƙafa ta biyu: mai inji yakan bi injinsa, shi zai tayar, shi zai kashe, ya dawo da abinsa kafin rana ta faɗi.

Ran wata Talata bayan sallar azahar, mutane na zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, sai ga Alhaji Badamasi a ƙasa, ba mota, Ɗanbaba na biye yana tura babur ɗinsa. Ya gaisa da kowa, ya zo ya kama hannun Sammani da hannu biyu.

"Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Alƙali ya yi hukunci, ni kuwa ba na ja da shari'a. Yau roƙo ya kawo ni. Albasata ta bakin magudana tana yaushi, injina biyu sun lalace, sauran suna Kura. Ka taimake ni da naka na yini ɗaya. Mahaifinka Allah ya jiƙansa bai taɓa hana ni komai ba."

Ido duk ya koma kan Sammani. Ya san Alhaji yana da inji biyar. Kowa a wurin ya sani. Amma dattijo ne ya tako da ƙafarsa, a gaban jama'a, ya ambaci shuka, ya ambaci mamaci.

"Ai ba a hana wannan, Alhaji. Bari in ɗauko, mu tafi tare."

Alhaji ya yi murmushi, bai saki hannunsa ba. "Haba ɗana, sai ka bar aikinka ka bi ni kamar ba ka yarda da ni ba? Ɗanbaba ya iya. Gobe da hantsi yana ƙofarka."

Wani dattijo daga gefe ya ce masha Allah, haka ake son zaman lafiya. Sammani ya shiga gida ya ɗauko injin da hannunsa, ya ɗora a bayan babur ɗin Ɗanbaba, har ya taya shi ɗaurewa da roba.

Rahma tana leƙe ta katanga. Da ya shigo ba ta ɗaga murya ba. "Baban Indo, kunyar mara kunya asara ce. Awakina ne fa a cikin gonar nan."

Obadiah kuwa da ya ji ya ajiye sifana ya zauna a kan benci. "Da ƙwace suka yi, da yanzu muna hanyar kotu da shaidu goma. Kai ka ɗora musu da hannunka, shaidun nan goma yanzu nasu ne."

Hantsi ya yi, ba inji. Sammani ya je shago, aka ce Alhaji ya shiga Kano. Washegari aka ce Ɗanbaba ne ya san inda injin yake, Ɗanbaba kuma ya ce Alhaji ne ya sani. Ran Juma'a, ranar ruwan tumatir ke nan har ta gota, ya samu Alhaji shi kaɗai a cikin shago yana jan carbi. Bai ma ba shi wurin zama ba.

"Injinka yana nan lafiya. Ka kawo dubu ɗari da saba'in ka ɗauka."

"Alhaji, aro ka ce. Kuma alƙali ya ce a saurara mini."

"Ai ina sauraren ka. Na je ƙofarka? Na tare ka a hanya? Kai ka zo shagona." Ya ci gaba da jan carbi. "Ka gaya wa masu zuwa wurinka neman fatawa su zo su ga tumatirinka ranar Juma'a ta sama."

Sammani ya fita neman aro. Gida bakwai masu inji ya shiga a rana ɗaya. Wannan ya ce nasa ba ya ja, wancan ya ce ƙaninsa ya tafi da shi, wani ma ya aiko a ce ba ya nan alhali takalminsa na ƙofar zaure. Dukansu suna cikin littafin Alhaji, dukansu kuma suna jiran takin zagaye na biyu daga shagonsa. Al'adar da ta shaƙe Sammani a gaban masallaci, da ya zo neman ta, ba ta gida. Obadiah yana da injin wani Sagiru a rumfarsa da aka kawo gyara, ya ce zai haɗa shi a ranar su yi amfani da shi. Kafin la'asar Sagiru ya zo ya kwashe abinsa a buhu, a wargaje, ko kallon Sammani bai yi ba.

Sai jarka. Daga magudana zuwa kan tudu taku ɗari biyu ne, gangaren kuma tsaye yake. Sammani da Obadiah da Lahadi suka yi ta jido tun safe har rana ta faɗi. Ƙasar tudu yashi ce, ka juye jarka ta shanye kafin ka miƙe. A yini suna iya ba fangali shida abin da bai kai rabin ƙoshi ba, kafin su zagayo na farkon ya sake langaɓewa. A rana ta huɗu Lahadi ta zame a gangaren ta gurɗe ƙafa, Obadiah ya goya ta zuwa gida. Sammani ya ci gaba shi kaɗai, wuyansa ya kumbura, kafaɗarsa ta saɓule.

Ya kai ƙara tun ran Litinin. Magatakarda ya rubuta sammaci, aka sa rana bayan kwana tara, domin shari'o'i sun yi yawa. Sammani ya ce ranka ya daɗe, tumatir ne, yana fure. Magatakarda ya ce ya ji, amma kowa da ya zo nan da abin da ke ƙona shi ya zo. Ranar zama Alhaji ya aiko da takardar asibiti, wai hawan jini, aka ɗage mako guda. A wannan makon mutane sun gan shi kullum a shago yana auna taki.

Fure ya fara zuba, ƙananan 'ya'yan da suka ƙulla suka yanƙwane suka faɗi. Ganye ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa daga gindi ya hau sama. Sammani yana zuwa kullum ya zauna a kan kunya ya duba. Daga inda yake zaune yana jin ƙarar injinsa can ƙasa a gonar albasar Alhaji, domin mutum ya san muryar injinsa. Masu zuwa neman fatawa sun ɗauke ƙafa, amma wasu sukan bi ta gefen gonar a kan keke, su rage gudu, su duba, su wuce.

Da aka zauna a karo na biyu Alhaji ya zo da shaidu uku daga majalisar masallaci. Suka rantse aro ne, Sammani da hannunsa ya ɗora. Ba su yi ƙarya ba, abin takaicin ke nan. Alƙali ba yaro ba ne, ya gane abin da aka yi sarai. Ya yi wa Alhaji faɗa mai zafi, ya ce riƙe kayan aro don karɓar bashi saɓa umarnin kotu ne, ya ci shi tarar dubu ashirin, ya ce a mayar da inji cikin kwana uku. Maganar asarar gona kuwa, ya ce wannan sabuwar ƙara ce, Sammani ya shigar, ya kawo masu ƙiyasi da shaidu. Sammani ya duba bayansa ya ga waɗanda za su zama shaidun, duk sun sunkuyar da kai. Alhaji ya zaro dubu ashirin daga aljihun gaba ya biya nan take, ya sake durƙusawa ya yi godiya.

Ya cika kwana ukun nan cif. Ran na ukun, kwana ashirin da biyar da ɗaukar inji, ya zo gindin darbejiya bayan azahar, jama'a na zaune. An wanke injin tas, an canja masa baƙin mai, an cika tankinsa da fetur. Ɗanbaba ya sauke shi a hankali a gaban Sammani. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, ga amanarka. Na gode da aro, Allah ya bar zumunci. Albasa ta yi kyau."

Sammani ya daɗe yana shirya abin da zai faɗa wa mutumin nan. Yana jido ya shirya, yana zaune a kan kunya ya shirya. Amma dattijo ya yi godiya a gaban jama'a, kuma baki ya saba da abin da ya saba. Ya ji muryarsa ta fito da kanta.

"Ba komai, Alhaji."

Wani ya yi tari. Alhaji ya yi sallama ya tafi. Ba wanda ya ƙara tambayar Sammani wace ƙofa ake bi a kotu, daga ranar har yau.

Bai shiga gida da injin ba. Ya saɓa shi a kafaɗar da ba ta saɓule ba, ya nufi tudu. Obadiah ya hango shi daga rumfa, ya bar aikinsa ya bi shi da tiyo. Gonar ta zama kara, in iska ta kaɗa sai ka ji tana ƙaraf-ƙaraf, ba ko ganye ɗaya kore. Lokacin dashe ya wuce, iri babu, awaki babu. Sammani ya sauka magudana ya saka tiyo, ya ja igiya, injin ya tashi a bugu ɗaya.

Obadiah ya ce, "Malam Sammani, ka bar man nan, ko sayar da shi ka yi ku ci abinci."

Sammani ya hau tudu. Ya ɗauki fartanya ya buɗe bakin fangali na farko, ya tsaya har ya cika, ya toshe, ya buɗe na biyu, yadda ya saba yi shekara ashirin. Ruwa yana shiga gindin busassun karan yana ɗaga matattun ganye suna yawo a kai. Bai yi sauri ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Obadiah ya tsaya a kan kunya hawaye na zubo masa.

Man ya ƙare a fangali na talatin da ɗaya. Injin ya yi tari ya mutu. Sammani ya tsaya riƙe da fartanya yana duban sauran goma sha ɗayan, damuwa ta gaske a fuskarsa, sannan ya juyo ya dubi maƙwabcinsa.

"Obadiah, waɗannan ba su samu ba."